Kafin Ka Tura Kuɗin Kayan Rani

Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka sauka Kano lafiya, ka tarar da kawunka Sabi'u da mutanen gidansa lafiya. Allah ya tsare min kai a mota da masauki da cikin kasuwa, ya haɗa ka da mutanen da za su riƙe ka da gaskiya. Na cusa wannan takarda a jakarka ne saboda na san kaina. In na zaunar da kai zan yi maganar da baki, ba zan kai rabi ba murya za ta ƙi, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "Umma, ya isa." To a takarda ba ka da damar cewa ya isa. Ka yi haƙuri da rubutun, a aji shida na tsaya.

Ina cikin takabar babanku na gane abin da ya daɗe yana cin shagonmu. Lokacin kana can kudu wajen bautar ƙasa, ka zo zaman makoki ka koma. Ran nan Hajiya Tabawa ta zo daga Kibiya duba ni, mai sayar da zare da allurar keken ɗinki, wadda ita ma daga Caina take sayo kayanta. Muna zaune a tabarma, wayar babanku na kan cinyata, sai ga saƙon Mista Lin, mutumin da yake aiko mana da kayan injin ban-ruwa. Hoton kuɗin da ya shiga hannunsa ne, kafin alƙalamin kayan rani. Turanci ya fi ƙarfina, amma lamba ina karantawa. Hajiya ta leƙo ta ce, "Saude, nawa kika bayar a nan aka sauke masa wannan?"

Na faɗa mata. Ta lalubo tata wayar a jaka ta nuna min. A satin ita ma ta tura kuɗi, kusan daidai da namu. Abin da ya sauka a hannun nata mutumin ya fi namu da kuɗin kwali guda na fistin da ringi na gyaran inji.

Ta ce, "Wa yake tura miki, ɗan'uwa ko maƙiyi?"

Na ce, "Alhaji Mamuda."

Ta ce, "Au. To Allah ya ba mu haƙuri." Ta koma zancen tsadar albasa.

Ga abin da ke gabanmu, don ka riƙe shi a ranka kana karantawa. Damina ta zo ƙarshe. Kuɗin kayan rani na bana suna asusun shago, kuma dole su tafi kafin watan nan ya mutu, in muna so jirgin ruwa ya kawo kaya kafin manoma su tayar da injinansu. In suka bi ta hannun Baba Mamuda kamar yadda aka saba, shagon nan ba zai ga wani ranin ba, don riba ta yi siririn da ba za ta ɗauki wannan ramar ba. In kuma ba su bi ta hannunsa ba, na cire hannun mutumin da ya yi wa babanku wanka, ya shiga kabari ya karɓe shi.

Kai da shago ka buɗe ido ka gan mu, ba ka san farkon ba. Da aka kawo ni Rano daga Kibiya, babanku ba shi da komai sai buhun sifana da inuwar wata bishiya kusa da tasha. A nan yake gyaran injin ban-ruwa. Ya dawo gida yana warin fetur da baƙin mai, in dafa masa ruwa, ya wanke hannu sau uku bai fita ba. Da rani in zai kai ni ganin gida a babur, ba ma isa Kibiya kai tsaye. Sai an tare mu a Fassi, wani injinsa ya ƙi tashi, tumatir na neman ƙonewa. In sauka in zauna a bakin kwamin albasa da yayarku a goye, ina jin sa yana yi wa injin magana kamar yaro mai ƙiwa. In ya tashi ruwa ya feso, masu gona su cika min ɗankwali da albasa mai lawashi. Sau da yawa ita ce ladan gaba ɗaya. Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar waɗannan ba, har ta Makka.

Mamuda kuwa lokacin direba ne, yana da bas ɗinsa Rano zuwa Kano. Taubashin babanku ne kuma amininsa. Shi yake sayo masa kayan gyara a birni, ya cusa ƙarƙashin kujerarsa, bai taɓa karɓar kuɗin mota ba. A kwano ɗaya suke cin tuwo a ƙofar gida, ina jin su daga madafa. Mamuda ya ce, "Bawana, matsar da wannan baƙin hannun, kar ka mai da miyar Saude bakin gareji." Babanku ya ce, "Ubangidan da bawa ke ciyarwa kullum, ban taɓa gani ba sai kai." Su yi ta dariya har miya ta huce.

A motarsa Mamuda ya ɗauki wani ɗan kasuwa mai zuwa Caina, ya nace masa har ya haɗa babanku da Mista Lin. Kuma da yake ya san 'yan canji a birni, sai ya zama ta hannunsa kuɗi ke tafiya. A ƙulle su a baƙar leda, ya zo ya ɗauka, bayan kwana biyu Mista Lin ya ce ya gani. Ba rasit, ba shaida, ba tambaya. Haka muka tashi daga gindin bishiya muka kama shago, haka aka yi muku kuɗin makaranta.

Akwai ranar da babanku ya gama cin abinci yana sakace, ya ce, "Saude, anya kuɗin nan ba sa ramewa a hanya? Ina so in tambayi Mamuda a nawa ake canja mana."

Na ce, "Haba Malam. Mutumin da ya ɗauko ka daga gindin bishiya, shi za ka tsare da lissafi kamar yaron shagonka? Ina za mu sa fuskarmu?"

Ya ce, "Haka ne." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ni a ganina zumunci na tsare. Da na bar shi ya tambaya a ranar, cikin wasan taubasantaka za su yi ta, su zagi juna, su gyara. Shi yana da bakin da zai tambaya. Ni ba ni da shi.

Kar ka ɗauka Baba Mamuda ɓarawo ne. Shi da kansa yake ba da labarin hanyar da alfahari. Yana kai wa wani mutum a Kano, a mai da naira dala. Dalar ta bi ta hannun wani a Dubai, daga nan wani a Caina ya mai da ita yuwan, kuɗin ƙasarsu, ya kai wa Mista Lin. Kowane hannu yana gutsura, kuma na Mamuda ne mafi ƙanƙanta. A wancan zamanin hanyar ke nan, babu wata. Daga baya aka samu gajerun hanyoyi, mu muna nan a tsohuwar saboda kunya.

Don haka duk wanda zai tura maka kuɗi, banki ne ko ɗan canji ko kamfanin waya, tambaya ɗaya za ka yi masa: in na ba ka naira kaza yanzu, yuwan nawa zai sauka a hannun mai kaya? Kar ka tsaya kan nawa ne cajinsu. Masu cewa ba sa caji, a cikin canjin suka ɓoye shi. Ka tambayi mutum biyu ko uku a wuni ɗaya, kusa da kusa, don farashin safe daban na yamma daban. Ka nemi wanda zai mai da naira yuwan kai tsaye ba sai an ratsa ta dala ba, canji biyu rama biyu ce. Ka ce wa Mista Lin ya riƙa rubuta maka farashi da kuɗin ƙasarsu, don na lura in ya rubuta da dala yakan ɗora ɗan wani abu ya kare kansa. Kuma ka yi tambayar tun ranar farko, kafin ku ci abinci tare, kafin ya zo sunan ɗanka. Kullum aka kwana tana ƙara nauyi a baki.

Bayan Hajiya Tabawa ta tafi ran nan, saura cikon kuɗin kaya ban tura ba. Ban iya ba Mamuda ba, ban kuma iya hana shi ba. Sai na samu abin fakewa. Ana ta cewa dala za ta sauko, na ce a jira. Duk sanda ya aiko, in ce a gaya masa ana jiran dala. Kaya suna can a ɗaure a ɗakin ajiyar Mista Lin, dala kuwa hawa ta yi. Ƙarshe ta hannun Mamudan dai na tura, da tsada fiye da ta farko, kuma a makare. Manoman Zinyau da Yalwa da suka shekara ashirin suna sayayya wajen babanku suka riƙa zuwa shago, a ce musu babu. Wani tsoho, Malam Hudu, ya shigo har zaure ya yi min gaisuwa, ya ce, "Hajiya, ba don na ƙi gidan Malam ba, amma barkono ba ya jiran takaba." Ya hau mota ya tafi Kano neman kafireton injinsa. Kayan sun iso rani ya yi nisa, rabinsu na nan a kan kanta har yau.

Kai ba ɗan canji ba ne, Nazifi, mai sayar da kayan inji ne. Ranar da kaya ke bukatar kuɗi, ranar za ka biya. In zuciyarka ta kasa, raba su biyu, ka tura rabi yau rabi wani satin, ko ya hau ko ya sauka ka samu tsakiya. Manomin da ya zo bai samu ba ya riga ya koyi hanyar wani shagon.

Bayan na fita takaba, da damina ta kawo jiki, muna bukatar kayan famfon feshi. Ba su da yawa. Na ce wa Mamuda kasuwa ta tsaya ba abin turawa, na ɗauki mayafi na tafi banki ni kaɗai. Sun karɓe ni da mutunci, suka nemi takardar farashin kaya da ta rajistar shago, na kai. Suka faɗa min cajinsu na biya. Amma kuɗin da suka isa can ba su cika ba. Ashe akwai wani banki a tsakiya da ba mu san shi ba, shi ma ya cire nasa, bankin Mista Lin ma ya cire. Mista Lin mutumin kirki ne, amma ba ya sakin kaya sai kuɗi sun cika. Ɗan cikon da zan tura kuma, cajinsa ya kusa kai shi.

Ban ce ka guji banki ba. In kaya sun yi yawa, irin waɗanda za a tambaye ka takardu a bakin ruwa, banki ne rufin asirinka, kuma cajin ba ya ciwo a kan kuɗi mai kauri. Amma ka ce musu duk cajin hanya a cire a nan wajenka, mai kaya ya karɓi nasa cif. Ƙananan kaya kuwa kar ka riƙa tura musu kuɗi a gutsure kamar cefane. Ka tara bukatar shago ka biya lokaci ɗaya, na rani da na damina.

Kuskurena na gaba shi ne wanda ban gaya wa kowa ba sai Hajiya Tabawa. Ita ta nuna min wani kamfani da ake tura kuɗi ta waya, naira ta fita yuwan ta sauka. Na ji kaina ya yi girma, ni Saude ina zaune a kan tabarmata ina biyan mutumin Caina. A kwanakin sai ga saƙo da hoton Mista Lin a jiki, daga wata sabuwar lamba. Na sa waya ta fassara min. Wai an rufe asusunsu na kamfani ana bincike, in tura kuɗin tiyo a wannan sabon, na ƙaninsa ne. Har da gaisuwar rashin Malam a ciki. Gaisuwar ce ta sa na yarda. Na tura. Bayan kwana biyu na aika wa tsohuwar lambar ina tambayar tiyo, Mista Lin ya kira ni ta bidiyo, karon farko da na ga fuskarsa tana motsi. Ba na jin abin da yake faɗa, amma na ga yana girgiza kai, ya dafe goshi. Kuɗin sun tafi.

Ranar na tuna cewa duk shekarun da Mamuda ya yi yana kai mana kuɗi, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Mutuminsu na can ya san Mista Lin ido da ido, ƙafa yake takawa ya kai masa. Abin da ake gutsura, ashe wani ɓangarensa kuɗin wannan tsaron ne. Araha kaɗai ba ta isa ba. In ka bar tsohuwar hanya, to tsaron ya dawo wuyanka.

Saboda haka duk ranar da aka ce maka an canja asusu, ko da muryar mutumin ka ji, kar ka taɓa kuɗi. Kira tsohuwar lamba ta bidiyo, ka ga fuskarsa, ya ɗaga maka takarda da lambar a rubuce. Sunan da ke kan asusu ya zama shi ne sunan kamfanin da ke kan takardar kaya, ba na ƙani ba, ba na mata ba. Sabuwar hanya kuma, ko wa ya yabe ta, ka fara gwada ta da kuɗin da in sun ɓata za ka iya cin abinci. Sai mai kaya ya ce ya gani sannan ka tura sauran. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin gwamnati da ofishin da za ka iya shiga ka zauna in an samu matsala, yanzu da kake Kano wannan ba zai yi maka wuya ba. Kar ka biya duka a gaba. Babanku kashi ɗaya cikin uku yake bayarwa, sauran sai an nuna masa kaya a ɗaure da sunansa a jikin kwali. Kuma kowane rasit ka ajiye, a waya da a takarda.

Daga baya na sake gwada kamfanin nan a hankali, da ɗan kaɗan, zuwa asusun gaskiya. Ya shiga a wunin, kuma ya cika. Na sake, ya sake shiga. Hanyar tana da kyau, ni ce na kai kuɗin gidan ɓarawo da hannuna. Kawunka zai raka ka ofishinsu ka ga mutanen da idonka, sannan ka gwada su da wasu kafin ka yanke.

Yanzu saura maganar Baba Mamuda. Ka san bas ɗinsa ta ƙarshe tana kan duwatsu a ƙofar gidansa, kaji na kwana a ciki. Ido ya hana shi tuƙi. 'Yan kasuwar da yake kai wa kuɗi duk sun janye ɗaya bayan ɗaya, saura mu. Ɗan abin da yake samu a kanmu sau biyu a shekara, na san da shi ake sayen hatsin gidansa. Kuma ina takaba buhun shinkafa ya shigo gidan nan, aka ce daga Alhaji, ban san inda ya samo ba.

Shekaranjiya ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda suke zama da babanku, na zauna daga bakin ƙofa. Na kwana ina shirya maganar. Na yi niyyar in ce masa ƙafarsa ta huta da zirga-zirgar kuɗi, ya zama shi ne mai karɓar kayanmu a tasha in ka ɗoro daga Kano, da lada sananne kowane zuwa, wanda zan faɗa da baki ya ji. Ba zai kai na da ba, amma ba zai tashi a banza ba.

Ya sha ruwa ya ce, "Matar bawana, na ji an ce Nazifi zai tafi birni ya zama babban mutum."

Na ce, "Da addu'arku, Alhaji."

Ya ce, "Ki gaya masa ya riƙa wanke hannu kafin ya ci abinci, kar ya gaji ubansa." Ya fara dariya, ya katse. Ya juya yana kallon gefen tabarmar da ba kowa, ya daɗe. Sannan ya share ido da bakin rawani ya ce, "Kuɗin rani fa? Lokaci ya yi. Kullum warhaka bawan nawa yake kirana ya ce in zo in ɗauki kayan ubangida. Na shirya, ko gobe ne sai in shiga motar farko."

Na buɗe baki, Nazifi. Abin da ya fito shi ne, "To Alhaji, zan aiko."

Ya ce, "Madalla. Muddin ina numfashi, kuɗin gidan nan ba za su bi ta hannun bare ba." Ya lalubi takalmansa ya tafi.

Kar ka ce za ka je ka gaya masa a madadina. Kai ɗa ne a wajensa, in ya ji daga bakinka zai ɗauka yaro ya yi boko ya kore shi, kuma ba zai warke ba. Ni na hana a yi tambayar tun tana da sauƙi, ni ya kamata in kai maganar yanzu da ta yi nauyi. Abin da nake so daga gare ka, duk sanda ka zo Rano ka fara sauka gidansa kafin ka shigo nan, ka durƙusa ka gaishe shi, ka bar shi ya zage ka da wasa kamar yadda yake zagin babanku.

Ka gaishe min da kawunka da Hajiyarsa da yara. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kasuwa ta cika, ka ci abinci da safe kafin ka fita, kar ka hau babur ɗin da ke gudu. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka abin da ya sa wa na babanku, ya tsare ka daga dukiyar haram da mugun aboki. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya kai ka lafiya ya dawo min da kai lafiya.

Kar ka taɓa kuɗin rani sai ka ji daga gare ni. Suna nan a asusu, wata ya raba, Alhaji Mamuda yana gida yana jiran aike, kuma har yanzu ban je na gaya masa ba.

Mahaifiyarka,
Saude